Yadda Ake Zaɓar Manhajar Sarrafa Shafin Intanet Wadda Marubuci Da Magini Za Su Iya Zama Da Ita

Duk sanda ƙungiya ko kamfani ko mutum ɗaya ya yi niyyar buɗe shafin intanet, tambayar da ke fara fitowa ita ce da wace manhaja za a gina shi. Sai a nemi wanda ya san kwamfuta, ya ambaci wadda hannunsa ya saba da ita, a amince, a wuce. Shekara na zagayowa sai a tarar maginin ya koma wani aikin, wadda aka ɗora wa saka labarai tana tsoron taɓa komai don kada shafin ya wargaje, labarin ƙarshe da aka wallafa kuma ya daɗe da tsufa. Sau da yawa manhajar ba ta da laifi. An zaɓe ta ne da idon wanda zai yi aiki da ita wata biyu, aka manta da wadda za ta zauna da ita shekara biyar.

Manhajar sarrafa shafi, wadda masu sana'ar ke kira CMS, ita ce ke ba mutum damar rubutu, saka hoto, gyara kuskure da wallafawa ba tare da ya san harshen kwamfuta ba. Tana ajiye rubutun a wuri guda, ta ajiye ƙirar shafin a wani wurin, ta haɗa su idan mai karatu ya buɗe. Mutum biyu ne ke da haƙƙi a kanta, kuma bukatunsu sun sha bamban. Marubuci yana son ya shiga, ya rubuta, ya danna, ya ga abin ya fito yadda ya zata. Magini yana son tsari mai tsafta, wanda zai iya gyarawa da faɗaɗawa ba tare da wani ya lalata masa aiki ba. Zaɓin da ya gamsar da ɗaya ya bar ɗayan cikin wahala ba zai daɗe ba. Ga matakan da nake ganin ya kamata a bi, kuma jerinsu na da muhimmanci, domin sunan manhaja ba ya zuwa sai an yi nisa.

Mataki na ɗaya: rubuta abin da shafin zai ɗauka

Ɗauki takarda, kada ka buɗe shafin kowace manhaja tukuna. Jera ire-iren abubuwan da za a riƙa wallafawa. Labarai ne masu kwanan wata? Shafuka ne tsayayyu irin na tarihin ƙungiya da hanyar tuntuɓa? Akwai kayan sayarwa, jadawalin taruka, bayanan ma'aikata, darussa, bidiyo, takardun saukewa?

Daga nan sai ka warware kowane iri ka ga gaɓoɓinsa. Taro, alal misali, yana da suna, rana, lokaci, wuri, mai jawabi da hanyar rajista. Idan aka cusa waɗannan duka cikin akwatin rubutu guda, mutum zai karanta ya gane, amma manhajar ba za ta gane ba. Ba za ta iya jera taruka bisa kwanan wata ba, ba za ta iya sauke wanda ya wuce da kanta ba, ba za ta iya nuna duk tarukan da wani malami ya yi jawabi a ciki ba. Idan kuwa kowace gaɓa na da gurbinta, duk wannan ya zama abu mai sauƙi. Wannan takardar ita ce za ta fara raba maka hanya. Wanda jerinsa ya tsaya a labarai da 'yan shafuka biyar ko shida, kusan kowace manhaja za ta ɗauke shi. Wanda jerinsa ke da iri takwas masu alaƙa da juna, marubuci na haɗe da littafi, littafi na haɗe da taro, yana bukatar manhajar da ta ɗauki tsarin bayanai da muhimmanci.

Ƙara tambayoyi uku a ƙasan takardar. Harsuna nawa za a wallafa da su? Rubutun zai tsaya a shafin ne kawai, ko za a so ya bayyana a manhajar waya da wasiƙar imel? Akwai tsohon shafi da za a kwaso kayansa? Amsar kowace na iya sauya zaɓin gaba ɗaya, kuma gara a sani yanzu.

Mataki na biyu: ambaci mutanen da sunansu

A nan ne aka fi yin sakaci. Kada ka rubuta "ma'aikata za su kula da shi." Rubuta wane ne zai rubuta, wane ne zai duba kafin a wallafa, wane ne zai danna maɓallin wallafawa, wane ne kuma za a kira idan shafin ya ƙi buɗewa ranar hutu. Idan gurbin ƙarshen nan ya zauna babu suna, ka riga ka sami rabin amsarka: kana bukatar tsarin da wani kamfani ke kula da shi a madadinka.

Maganar izini ma tana nan. WordPress na zuwa da matakai biyar na masu amfani. Mai gudanarwa na iya komai. Edita na iya gyarawa da wallafa rubutun kowa. Marubuci na wallafa nasa kawai. Mai ba da gudummawa na rubutawa amma ba ya iya wallafawa, ba ya ma iya ɗora hoto. Mai rajista kuwa karatu ne nasa. Wannan ya ishi ƙaramar tawaga. Amma idan ana son rubutu ya bi ta hannun shugaban sashe, sannan lauya, sannan edita, ko kuma wani sashe ya kasa taɓa shafukan wani sashe, to Drupal na da tsarin matakan amincewa a cikin gindinta, Joomla ma na da rabon izini mai zurfi, WordPress kuwa sai an ƙara mata wata manhaja kafin ta iya.

Shawara ɗaya da ba na gajiya da bayarwa: kada a ba kowa matsayin mai gudanarwa don gudun ƙorafi. Wanda aikinsa rubutu ne, a ba shi izinin rubutu. Hakan ba raini ba ne. Yana sa ya yi aiki hankali kwance, domin ya san babu maɓallin da zai danna ya rusa komai.

Mataki na uku: zaɓi gida kafin ka zaɓi suna

Manhajojin nan sun kasu gida huɗu, kuma bambancin da ke tsakanin gidajen ya fi wanda ke tsakanin sunaye girma.

Gida na farko shi ne na haya: Wix, Squarespace, Shopify, Blogger, WordPress.com. Kamfani ne ke riƙe da uwar garken da shafin ke zaune a kai, shi ke sabunta manhajar, shi ke toshe ramukan tsaro. Kai dai ka biya, ka shiga, ka yi aiki. Kamar ɗan haya kake: idan rufi ya yi yoyo ba kai za ka hau ba, amma ba ka da ikon fasa bango ka ƙara ɗaki, kuma duk ranar da mai gida ya ƙara kuɗi ko ya sauya doka, sai ka bi ko ka tashi. Ga wanda ba shi da magini a kusa, wannan zaɓi ne na hankali, babu abin kunya a cikinsa.

Gida na biyu shi ne na buɗaɗɗun manhajoji da kake girkawa a masaukin da ka kama da kanka, wato wurin da shafin zai zauna a intanet: WordPress ta asali, Drupal, Joomla, Ghost. Manhajar kyauta ce, kowa na iya duba cikinta ya gyara, bayananka kuma na hannunka. Farashin wannan 'yancin shi ne kulawa. Sabuntawa, kwafin ajiya da tsaro duk sun dawo wuyanka ko wuyan wanda ka ɗauka.

A lura da wani ruɗani da ke kama mutane da yawa. WordPress.org shi ne inda ake samun manhajar kanta. WordPress.com kuwa hidima ce ta kamfanin Automattic, wadda ke ba da masauki a kan manhajar, kuma abin da za ka iya yi a can ya danganta da tsarin da ka biya. Idan wani ya ce zai gina maka shafi da WordPress, tambaye shi wanne yake nufi.

Gida na uku shi ne wanda magina ke kira hedles, wato manhajar da ke riƙe da rubutu kawai, ba ta da fuskar da mai karatu ke gani. Contentful, Sanity, Strapi da Directus na cikinsu. Marubuci ya cika gurabe, manhajar ta miƙa bayanan ta hanyar API, wato ƙofar da manhajoji ke karɓar bayanai daga juna, magini kuma ya gina fuskar da kansa da abin da ya ga dama. Amfanin a fili yake idan rubutu guda zai je shafin intanet da manhajar waya da allon sanarwa lokaci ɗaya. Amma ina ganin an cika tallata wannan gidan ga waɗanda ba sa bukatarsa. Abubuwan da tsofaffin manhajoji ke bayarwa tun ranar farko, irin su duba shafi kafin wallafawa, akwatin bincike, taswirar shafi don injunan bincike da fom ɗin tuntuɓa, a nan sai an zauna an gina su ko an haɗo su ɗaya bayan ɗaya. Marubuciyar da ke son matsar da hoto daga dama zuwa hagu na iya tarar cewa sai ta jira magini. Idan babu magini na dindindin, a guji wannan gidan.

Gida na huɗu na masu samar da tsayayyun shafuka ne, irin su Hugo, Jekyll, Eleventy da Astro. Ana rubutu cikin fayiloli, manhajar ta juya su shafuka gamammu tun kafin kowa ya nema. Babu rumbun bayanai da ɓarawo zai fasa, shafin na buɗewa da sauri, masaukin kuma ba ya cin kuɗi sosai. Sun dace da takardun bayanin manhaja da shafin magini na kansa. Wanda bai san Git ba, wato kayan aikin da magina ke ajiye fayiloli da tarihin sauye-sauyensu, zai sha wuya, sai dai idan an ɗora masa wata fuskar rubutu irin Decap CMS.

Mataki na huɗu: yanzu a zo kan sunaye

WordPress ta fito a 2003 daga hannun Matt Mullenweg da Mike Little, an rubuta ta da PHP, tana ajiye bayanai a MySQL ko MariaDB. Yau fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet na duniya a kanta suke. Wannan yawan shi ne babban ƙarfinta, fiye da duk wata fasaha da ke cikinta. Idan magininka ya tafi, samun wani ba wuya. Duk matsalar da ka ci karo da ita, wani ya riga ka, kuma an rubuta maganinta. Tun sigar 5.0 ta Disambar 2018 ta koma rubutu da tubala, inda sakin layi da hoto da tebur kowanne ke zama guntu mai zaman kansa, kuma yawancin sababbin marubuta na kama shi cikin yini ɗaya ko biyu.

Rauninta na fitowa ne daga wurin da ƙarfinta yake. Akwai dubban ƙananan manhajoji da ake jona mata, waɗanda ake kira fulogin, kuma kowa na iya rubuta nasa. Sai a ga shafi ɗaya ɗauke da talatin ko arba'in, kowace da mai ita, wasu an daina kula da su, wasu ba sa jituwa da juna. Mafi yawan ramukan tsaro da ake ganowa a duniyar WordPress daga irin waɗannan ne da kuma rigunan ƙira, wato shiryayyun fasalin kamannin shafi, ba daga gindin manhajar ba. Kafin ka jona kowace, duba yaushe aka sabunta ta, mutum nawa ke amfani da ita, kuma ana amsa koken masu amfani ko kuwa shiru. Ka kuma yi hattara da manhajojin ja-ka-ajiye masu gina shafi, domin wasunsu na cakuɗa rubutunka da alamominsu, ranar da ka cire su sai ka tarar da shafukan cike da tarkace.

Drupal, wadda Dries Buytaert ya fara a Beljiyam a 2001, ita ce ta masu tsarin bayanai mai sarƙaƙiya. Ƙirƙirar sabon iri na rubutu da gurabensa, jera su ta kowace fuska, wallafawa da harsuna da yawa, bin matakan amincewa, duk sun kasance cikin gindinta tun jerin sigogin 8 da aka fara fitarwa a 2015. Shi ya sa jami'o'i da hukumomin gwamnati ke yawan ɗaukarta. Magina na son ta saboda ana iya fitar da saitunan shafi zuwa fayiloli a ajiye su a Git, a gwada sauyi a gefe kafin a kai shi shafin gaske. Amma tana bukatar gwani, gwanayenta kuma ba su kai na WordPress yawa ba. Akwai darasi a tarihinta da ya shafi kowace manhaja: sauyin da aka yi daga sigar 7 zuwa 8 ya yi girman da ƙaura ta zama kusan sabon gini, har aka yi ta ɗage ranar daina tallafa wa sigar 7 sai 5 ga Janairun 2025.

Joomla ta ɓalle daga Mambo a 2005. Tana tsakiya: ta fi WordPress kayan aiki na asali, musamman harsuna da izini, ba ta kai Drupal nauyi ba. Abin dubawa kawai shi ne ko za ka sami wanda zai kula maka da ita.

Ghost, wadda John O'Nolan ya ƙaddamar a 2013, ta taƙaita kanta ga wallafa rubutu, aika wasiƙun imel da karɓar kuɗin mambobi. Wurin rubutunta na da tsafta ƙwarai. Idan aikinka ke nan, da wuya ka sami wadda ta fi ta daɗin hannu. Idan kana son kanti ko kundin bayanai, ba ita ba ce.

Ga wanda ciniki ne gaba ɗayan aikinsa, zaɓin ya fi karkata tsakanin Shopify da WooCommerce, wadda ake ɗorawa kan WordPress. Abin da zai raba gardama shi ne wace ce ke aiki da hanyoyin biyan kuɗin da masu sayenka ke amfani da su. Tabbatar da wannan kafin komai.

Mataki na biyar: nemi ƙofar fita tun kafin ka shiga

Babu shafin da ke zama kan manhaja ɗaya har abada. Tambayi kowace: idan na tashi tafiya, me zan iya ɗauka? WordPress na fitar da rubutu cikin fayil na XML, kuma idan masaukinka ne kana iya kwafe rumbun bayanan da hotunan gaba ɗaya. Ghost na fitar da rubutu da jerin mambobi. Squarespace na ba da wani ɓangare na kayanka, ba duka ba. Shafin da aka gina a Wix kuwa a kan uwar garken Wix kawai yake aiki, ba a ɗauke shi sukutum a kai wani wuri. Wannan bai hana a zaɓe shi ba, amma a zaɓa da sani.

Kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a shafin talla. A lokacin gwaji, danna maɓallin fitarwar da kanka, buɗe fayil ɗin, ka ga ko hotuna sun biyo, ko sunayen marubuta da kwanakin wata suna nan.

Adireshin kowane shafi ma dukiya ne. Mutane sun ajiye shi, wasu shafuka sun yi nuni gare shi, injunan bincike sun san shi. Manhajar da ka zaɓa ta ba ka ikon tsara adireshi yadda kake so, ta kuma iya karkatar da tsohon adireshi zuwa sabo ta hanyar abin da ake kira karkatarwa ta 301. Shafukan da suka yi ƙaura ba tare da wannan ba kan wayi gari masu ziyara sun ragu, alhali rubutun na nan bai je ko'ina ba.

Mataki na shida: lissafa kuɗi da wahalar shekara uku

Kuɗin gini shi ne wanda kowa ke gani, amma sau da yawa ba shi ne babba ba. Jera sabunta rajistar sunan shafi duk shekara, masauki, lasisin rigar ƙira da fulogin na kuɗi waɗanda galibi ake sabuntawa shekara-shekara, ladan mai kulawa, da lokacin koyar da sababbin ma'aikata. A gidan haya, duba farashin sabuntawa, kada ka tsaya ga rangwamen shekarar farko, ka kuma duba iyakokin tsarin: yawan masu shiga, girman ma'aji, kason da ake cira daga ciniki. Manhajojin hedles na haya kan yi lissafi bisa yawan editoci, yawan rubutu ko yawan kiran API, don haka kuɗin na hawa yayin da aikin ke girma.

Kulawa ba abin da ake ɗagewa ba ne. A ranar 15 ga Oktoban 2014 aka sanar da wani mummunan rami a Drupal 7, kuma daga baya masu tsaron manhajar suka ce duk shafin da bai toshe shi cikin awa bakwai da sanarwar ba, a ɗauka an riga an shige shi. Awa bakwai. Ba mutum ne ke zaune yana zaɓar wanda zai kai wa hari ba, manhajoji ne ke kewaya intanet dare da rana suna gwada kowace ƙofa, don haka ƙanƙantar shafinka ba ta ɓoye shi. WordPress na sabunta ƙananan gyare-gyaren tsaro da kanta tun 2013, tun 2020 kuma ana iya kunna hakan ga fulogin, amma har yanzu sai an sami mai leƙawa ya tabbatar sabuntawar ba ta karya wani abu ba.

Abubuwa huɗu ba a sassauci a kansu, kowace manhaja aka ɗauka: takardar tsaro da ke sa adireshi ya fara da https, wadda Let's Encrypt ke bayarwa kyauta, tantancewa mai mataki biyu ga duk mai babban izini, kwafin ajiya da ke tafiya da kansa zuwa wani wuri dabam da uwar garken, da gwada dawo da kwafin. Na ƙarshen nan shi aka fi tsallakewa. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ba a san ko yana aiki ba sai ranar da ake tsananin bukatarsa.

Mataki na bakwai: gani ya kori ji

Zuwa yanzu jerinka ya kamata ya ragu zuwa biyu ko uku. Girka kowace a wurin gwaji, ko ka buɗe asusun gwaji na kyauta, sannan ka zaunar da wadda za ta riƙa rubutun kullum. Kada a zaɓi wanda ya fi kowa iya kwamfuta a ofis, a zaɓi mai aikin na gaske. Ba ta ayyuka na zahiri: ta kwafo labari daga inda ta saba rubutu ta liƙa, ta saka hoto da bayaninsa don makafi masu amfani da manhajar karanta allo, ta tsara labarin ya fita gobe da safe, ta gyara kuskure a tsohon shafi, ta dawo da sigar jiya bayan ta goge sakin layi, ta ƙara abu a jerin maɓallan sama. Ta sake yin biyu daga ciki a wayarta.

Magini ya zauna a gefe ya yi shiru. Wannan shi ne mafi wuya, domin hannunsa zai yi ta ƙaiƙayin karɓar linzamin. Duk inda ta tsaya tana neman maɓalli, a rubuta. Abin da ya ɗaure mata kai yau ana kallonta, zai sa ta bar aikin gobe idan tana ita kaɗai.

Gwada haruffa ma. Rubuta take mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, ka ga ko rigar ƙirar na nuna su da siffa ɗaya da sauran haruffa, domin wasu nau'o'in rubutu ba su da su, sai burauza ta aro daga wani wuri su fito a karkace. Duba yadda adireshin labarin ya fito, sannan ka nemi kalmar a akwatin bincike ka ga ko za a same ta. Idan za a wallafa da Larabci ko wani harshe da ake rubutawa daga dama, a gwada shi ma yanzu. Drupal da Joomla na ɗaukar harsuna da yawa da kansu, WordPress kuwa sai da taimakon irin su Polylang ko WPML.

Shi ma magini yana da nasa gwajin. Ya gina iri mafi wuya daga takardar mataki na ɗaya, ya ga ko manhajar na ba shi hanya ko kokawa yake da ita. Ya duba ko akwai wurin gwaji dabam da shafin gaske, ko ana iya ajiye aikin a Git, ko takardun bayani na da inganci, ko akwai kayan aikin layin umarni irin WP-CLI ko Drush. Ya buɗe shafin a tsohuwar waya da intanet mai rauni, domin Google kansa da fuskar waya yake auna shafuka. Ya kuma leƙa lafiyar aikin: ana fitar da sababbin sigogi a kai a kai, akwai tawagar tsaro, mutum nawa ne ke riƙe da shi, ko kuwa duk ya rataya a wuyan mutum guda.

Mataki na takwas: yanke hukunci, sannan a karɓi makullai

Idan marubuci da magini suka saɓa, ni ina fifita marubuci muddin manhajar da ya zaɓa ta iya ɗaukar abin da ke takardar farko. Magini na iya koyon sabuwar manhaja, sana'arsa ce. Amma idan magini ya nuna cewa zaɓin ba zai iya ɗaukar tsarin bayanan ba, ko ba shi da ƙofar fita, to maganarsa ce a gaba, sai a nemi yadda za a sauƙaƙa wa marubuci: a ɓoye maɓallan da ba ya bukata, a sa wa gurabe suna da harshen da yake ji, a kulle ƙirar yadda ba za ta karye ba.

Ranar miƙa aiki, sunan shafin ya kasance an yi rajistarsa da sunan ƙungiyar da imel ɗinta, ba da na magini ba, komai amincin da ke tsakani. Haka asusun masauki, haka lasisin duk abin da aka saya. Mai shafin ya riƙe asusun mai gudanarwa nasa na kansa, ko da ba zai riƙa shiga da shi kullum ba. A karɓi rubutaccen jerin duk fulogin da aka jona da dalilin kowace, da ranar da kowane lasisi zai ƙare, da inda kwafin ajiya ke zuwa da yadda ake dawo da shi. A nemi magini ya ɗauki gajerun bidiyo na ayyukan nan da aka gwada a mataki na bakwai, don wanda zai zo aiki baɗi ya samu abin koyo. A kuma rubuta yarjejeniyar kulawa a fili: wa ke sabuntawa, sau nawa a wata, cikin awa nawa zai amsa idan shafin ya faɗi, da wanda zai maye gurbinsa idan ba ya nan.